Rijiyar da Ba Ta Cikin Taswira

Da sunan Allah, wanda ya san abin da ƙasa ta rufe. Ƴaƴana, abin da ya zaunar da ni rubutun wannan babi wata magana ce da na tsinta a bakin jikata Zali ranar sunan ƙanenta. Na ji tana gaya wa ƙawayenta, tana wani ɗaga hanci, wai ita jinin sarautar Marken Dutsi ce, kakan kakanta ne ya sari garin da hannunsa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ba laifinta ba ne. Haka kuka gaya mata, haka ni ma aka gaya mini, na kuwa riƙe maganar gam har na haura shekara talatin. Kun kuma sha tambayar uwarku dalilin da ya sa in mun je gari ba ma sauka a gidanmu na gado, ita kuwa takan ce ku tambayi ubanku. To ga ubanku, ku buɗe kunne.

A shekarun fari ina aiki a biro, wato ofishin zanen taswira, a nan Yamai. Kada ku ɗauka ni ne mai fita daji da madubin awo. Nawa aikin na zaune ne: in shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan tsohuwar taswira in bi layi da alƙalamin tawada, inda na ga kwari in sa kwari, inda na ga dutse in sa dutse. Aiki ne na mai haƙuri da ido, ni kuwa Allah ya haɗa mini da hali na uku, wato bin diddigi. Tun ina yaro ba na iya ganin rami in wuce ban zura masa sanda ba. Uwarku Gambi, wadda haifaffiyar Yamai ce, ta fara Hausarta a kasuwa ta ƙarasa a gidana, takan ce da tambaya sana'a ce da tuni mun yi gidan siminti.

Damina ta ƙi, shekara a kan shekara. Sai kuma muka wayi gari rediyo na kiɗan soja, aka ce mulki ya koma hannun masu kaki. Mutanen arewa suna ta kwararowa cikin birni, wasu a kan kamyo, wato babbar motar kaya, wasu a ƙafa. Gidanmu na unguwar Talaje ɗaki biyu ne da rumfar zana, amma a shekarar nan ba ka sanin yawan mutanen gidan sai an sauke tukunya. Abin da ake ci kuwa jar dawar taimako ce, wadda ko kaji sai sun yi shawara kafin su tsattsaga. Cikin baƙin da suka sauka har da Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, da tabarmarta ɗaya da tukunyar ƙarfe. Ita ta kawo mini labarin gida: rijiyoyin da ke cikin ƙoramar garin duk sun ƙafe, mata na wuni a hanya don tulu guda, ruwan ma launin kunu. Na tambaye ta Baba Alu. Shi ne yayan mahaifina, shi ne maigari, shi ya riƙe ni bayan rasuwar ubana ya kuma kai ni lakkol, makarantar boko, da hannunsa. Ta ce yana nan a zaurensa yana cewa a yi haƙuri.

Bayan juyin mulkin aka ɗora mana wani kapiten a biro, siriri, matashi, wanda ban taɓa ganin ya zauna a kujera ba. Ya sa aka kulle akwatunan taswira ya rataya makullan a ɗamararsa. Aikin da ya ba mu shi ne mu fitar da taswirar kowane yanki don maginan rijiya. Garin da ake sa ran samun ruwa a zagaye shi da ja, a aika masa ma'aikata. Garin da ba a sa rai a gicciye shi, kamyo ya je ya kwashe mutanensa zuwa sansanin bakin kwalta inda ake rabon abinci. Da takardar yankin Tawa ta zo teburina na tarar an riga an gicciye Marken Dutsi da fensir. Ƙarshen wata za a bi fensirin da tawada. Na san abin da wannan ke nufi, don garin da aka kwashe da kamyo ba kasafai yake komowa ba.

Ba dabara ce ta kai ni akwatin ƙasa ba, halina ne. Na ce bari dai in ga garinmu yadda yake a tsofaffin takardu kafin a shafe shi. Na roƙi makulli da hujjar ina duba wani kwari, kapiten ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Takarda uku na samu. Ta farko zanen hannu ce, ta yi jawur kamar fatar ganga, wani hafsan Nasara ya yi ta lokacin da suka fara shigowa ƙasarmu, yana tafe a kan doki yana ƙirga taku. Ta biyu bugun inji ce ta zamanin samartakar ubana. Ta uku an fitar da ita daga hoton jirgin sama dab da samun mulkin kai. Na kwafe su a takarda mai shara-shara, da aka tashi cin abincin rana na manna su a gilashin taga, ɗaya bisa ɗaya, haske na ratsa su. Abokan aikina suka ce yunwa ta fara taɓa mini kai.

A ta uku ba abin mamaki. Ga garinmu a bakin hanyar mota, ga ƙorama, ga hanyoyin ƙauyuka duk sun nufo kasuwarmu. A ta biyu garin ya ƙanƙance, na kuma ga hanyoyi uku sun bi ta bayansa sun yi arewa kamar masu fushi da shi. Ta farko ce ta tsayar da ni. Marken Dutsi ɗigo ne kawai, hanya ɗaya tak ta bi ta kansa. Amma can arewa, bayan tuddan yashi, tafiyar kamar sa'a biyu, hanyoyi biyar sun taho daga gabas da yamma da arewa sun haɗu a wuri guda, wurin kuwa fili ne fetal. Ba alamar gari, ba ɗan zagayen da ake sa wa rijiya, ba komai. A gefen takardar hafsan ya yi ɗan rubutu da ƙananan baƙaƙe, sai da na ari madubin ƙara girma na karanta. Ya ce ƙauyen bukka goma sha biyu ne, duk sababbi, bai ga rumbu ba, bai ga tsoho ko jariri ba.

Na tsaya ina jujjuya abin. Wane irin gari ne ba rumbu? A gida an ce mana kakanmu ya sari garin shekara arba'in kafin zuwan Nasara, to ina tsofaffin, ina jiƙokin? Sannan hanya ba mutum ɗaya ke yin ta ba, ƙafafu ne, kuma a ƙasarmu ƙafa ba ta wahalar da kanta banza; in ka ga hanyoyi biyar sun haɗu, ko kasuwa ko ruwa. Na ɗauko hoton jirgin da kansa na duba wurin, sai ga gawo sun yi da'ira baƙi ƙirin a tsakiyar farin yashi. A nan ne na gane wurin. Kwarin Doguwa ne. Tun muna yara an ce mana aljana ce a ciki, wanda ya shiga zai fito da karkataccen baki. Ba mu taɓa ganin mai karkataccen bakin ba, amma ba mu shiga ba. Sau ɗaya na taɓa tambayar Baba Alu wa Doguwar ta taɓa kamawa, marin da na sha ranar har yau kunnena na hagu yana tunawa.

Takarda ba ta fita daga biro a zamanin soja, sai na ɗauko taswirar a kaina. Da la'asar na tarar da Gwaggo a rumfa tana tsince tsakuwa daga dawa. Na durƙusa na zana mata a ƙasa da tsinke: ga garinmu, ga tudu, ga hanyoyi biyar. Ta duba, ta sa ƙafa ta shafe.

"Wa ya nuna maka wanga?"

"Takarda, Gwaggo."

"Takardar wa?"

"Ta Nasaran da ya fara zuwa garinmu."

Sai ta fashe da dariya, dariyar da ban ji ta yi ba tun saukarta.

"Ashe ɗan banzan ya gani! Mu ko munka ɗauka makaho na."

Na matsa mata, ta ce bakinta da rantsuwa, kada in ja ta cikin zunubi da tsufanta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Tahi ƙetaren gulbi, Kirkisoy. Ka nemi Nomau mai tufka. Ka riƙa mishi goro. In ka isa ka durƙusa."

"Nomau namu? Wanda ke zama can bakin ƙofa a zauren Baba?"

"Ka durƙusa, na ce."

Ranar Lahadi da hantsi na hau keke na haye gada. Gulbin ya janye har yara na ratsa shi da ƙafa. Kirkisoy a lokacin bukkoki ne da garake, na yi ta tambaya da guntun Zabarmancina har aka nuna mini shi a gindin wata bishiyar bedi. Fari ne ya koro shi kamar kowa. Yana warware buhunan taimako yana tufka igiya da zarensu, igiyar na maƙale a babban yatsan ƙafarsa. Na sauka na durƙusa har ƙasa. Ya dube ni, ya dubi goron, ya ce:

"Ɗan gidan maigari a ƙasa gaban mai tufka? Hajo ta yi magana ke nan."

Na ce Gwaggo ba ta ce komai ba, na sake zana hanyoyina biyar. Bai shafe ba. Ya daɗe yana kallo, hannunsa na ci gaba da tufka, sannan ya ba ni labarin da zan ba ku yadda na ji shi.

"Can garin yake, ɗiyana. Can rijiya take, gaba ashirin da biyu, kakana ya gina ta. Ubana shi na sarkin garin. Da labari ya zo Nasara na tahe suna ɗibar maza ɗaukar kaya, suna buɗe rumbuna, dattawa sunka yi shawara. Kwana ukku anka kafa bukkoki a bakin hanya, anka tona ƴar rijiya cikin ƙorama, anka zuba samari ciki, anka ce in baƙo ya zo a ce mishi nan ne Marken Dutsi. Saura maigari. To ka san maigarin wancan zamani, shi a ka ɗaurewa, shi a ka bugu. Wa zai ba da ubanai? Wa zai ba da ɗanai? Akwai wani baƙo a zauren ubana, ɗan kanwa, fatauci ya kawo shi da jakinai daga gabas ciwo ya kada shi, munka yi jinyar shi damina guda. Shi ya tashi ya ce, kun yi mini rana, ni ko ba ni da mai kukana, ku naɗa mini rawanin. Kakanka ke nan."

Ya ce sau uku aka yi wa kakana bulala a gaban bukkokin nan. Ya yi damina biyu a kurkukun bariki saboda lanho, wato harajin kai, bai cika ba, da yake garin gaskiya ba ya cikin ƙirga. Ko sau ɗaya bai buɗe baki ba. Daga nan ƙaryar ta yi jijiya. Hanya ta zama ta mota, kasuwa ta ci, mutane suka riƙa zarewa ɗaya-ɗaya suna komawa garin ƙarya. Sanƙarau ya shigo ya ƙarasa tsohon garin. Uban Nomau ya sa aka rufe bakin rijiyar da gumagumai da tabarmi da ƙasa, don kada Nasara su gano an yaudare su, aka rantsar da gidajen biyu da Alƙur'ani ba za a nuna wa mutumin gwamnati ba. Aka ƙirƙiro Doguwa don yara. Shekarun ruwa suka biyo baya, ba wanda ya sake bukatar rijiya mai zurfi.

Na ce, "Baba, da Nasara suka tafi me ya hana ku karɓi abinku?"

"A takarda ku na. Kuma mutumin da ya sha bulala dominka, da wane baki za ka ce ɗanai ya tuɓe rawani?"

"To yanzu da mutane ke mutuwa fa?"

"Kahin in baro gida na sami Alu, na ce mu yi kaffara mu buɗe. Gida biyu sunka rantse, gida biyu ka warwarewa. Ya ce a'a. Ka ga, rijiya mai ita ka fara sara, al'ada ta. Ran da na ɗaga hauya gaban mutane, yara za su tambayi dalili." Ya ja igiyarsa ya ɗaure. "Ni ba ni nuna ma kowa. Amma kai ba ka rantse ba, takarda ta hwaɗa maka. In ko soja sunka zo sunka ɗauke ni, ina ni ina ƙarhin soja?"

A kan gada na sauka daga keke na tsaya, don idona ya cika ba na ganin hanya. Ba baƙin ciki na ji ba. Duk rayuwata ina alfahari da kakan da ya zo a kan doki, ashe nawa a bayan jaki ya zo, ya ba da gadon bayansa don garin da ba nasa ba. Ku gaya wa Zali wannan. Ni dai tun ranar na fi son ɗan kanwar.

Cikin makon nan Baba Alu ya sauka Yamai neman hatsi. Ya wuni a bakin wani biro da rawaninsa da sandarsa, ya dawo da alkawari. Bayan la'asar aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, na zauna a ƙasa na gaya masa komai: giccin fensir, kamyon da zai zo, takardu uku, Kirkisoy. Ya bari har na gama.

"Na sa ka lakkol don ka karanta takardar Nasara ka kare mu," in ji shi, "ba don ka tona mu ba."

"Baba, ba abin kunya a ciki. Abin da Kaka ya yi..."

"Kai ka gani haka, da kake zaune Yamai. Can, gobe ɗan da na yi ma shari'ar gona zai ce mini ɗiyan ɗan kanwa. Kuma rijiyar da anka ruhe tun ba a haihi ubanka ba, wa ya ce maka ba ta rubza ba? In ka tona ba ruwa fa? Ka tuɓe mu tsirara a banza. Ruwan sama na dawowa, ba yau munka fara ganin hwari ba. Ka buɗe rijiyar nan, ka ruhe gidanmu."

Maganarsa ba ta wofi ba ce. Sai muryar Gwaggo ta fito daga bayan zana.

"Yaya, rijiya ta bayar guga ya hana? Jikata da ruwan ƙorama ya kashe, da hannuna na miƙa maka ita ka kai kushewa. Wane rawani ya tashe ta?"

"Mata ba su shiga wagga magana."

"Mata ka jan ruwa."

Ya juyo gare ni, muryarsa a kwance, abin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Isuhu, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In maganar ga ta kai kunnen soja ta bakinka, kada ƙahwarka ta sake taka zaurena."

Da safe ya hau kamyo ya koma. Kwana uku ina zuwa biro ina dawowa ban kai wa kapiten maganar ba. Ina son mutumin nan. Shi ya goya ni a wuya ya ƙetare da ni ƙorama ranar da aka kai ni lakkol. Zan kuma faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba tausayin gari kaɗai ke cina ba, akwai ƙaiƙayin son in san ko na canka daidai, ko akwai ruwa a inda hanyoyin nan suka haɗu. Wannan ya sa na riƙa zargin kaina, ina cewa kada in rusa gidanmu don kawai halina na zura sanda a rami. Uwarku ce ta yanke mini. Tana wanke kwanoni ta ce, ko juyowa ba ta yi ba:

"Baban Sani, ni ban san sarautarku ba. Amma na je sansanin nan na kai wa ƴar'uwar maƙwabciyarmu zane, na ga abin da ke can. Ka je ka gani, sannan ka dawo ka gaya mini ko ana shan rawani."

Ban je ba, don na san abin da zan gani. Washegari na manna takarduna uku a tagar kapiten. Na yi tsammanin zai kore ni, sai na ga ya matso yana bin hanyoyin da yatsa, ashe shi ma akwai ɗan halina a jikinsa.

"Ka tabbata akwai ruwa?"

"Ban tabbata ba, mon kapiten."

"In ba ruwa, man gwamnati ka ƙona, kuma za ka yi bayani gaban waɗanda ba su son dogon bayani."

Ya ɗauki magogi ya goge giccin. Ya ba ni magina shida da kamyo da soja biyu, ya ce kwana goma. Da muka biya Kirkisoy muka tarar da Nomau zaune a kan ƙunshin kayansa, ya sa rigarsa ta Juma'a. Sojan bai ko buɗe baki ba tsohon ya miƙe yana ɗaga murya don maƙwabta su ji:

"Ku shaida, jama'a, da ƙarhi anka tahi da ni!"

Ranar da muka shiga Kwarin Doguwa rabin gari ya biyo mu, amma suka tsaya a kan tudu suna jiran su ga bakinmu ya karkace. Nomau ya zaga gawon nan yana shafa su har ya sami mai tsohon saran gatari, ya ba shi baya, ya yi taku yana motsa leɓe, ya tsaya. Ya karɓi hauya ya yi bisimilla ya sara. Ba a kai gwiwa ba ƙarfe ya daki itace. Aka ɗaga gumaguman, ga bakin rijiya ɗaure da dutse, amma yashi ya cika ta fiye da rabi. Kwana biyar ana yasa ana fitar da busasshen yashi. Rana ta shida da hantsi guga ya fito da laka. Kafin azahar magini ya yi kira daga ƙasa, aka jawo, ruwa ne, sanyi ƙarara. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ta ɗora da kirarin uban Nomau, kirarin da ban taɓa ji ba, sai na ji tsofaffi duk suna amsawa. Ashe duk sun sani. Samari suka riƙa waige-waige suna neman maigari, shi kuwa bai zo ba.

Ba a kwashe Marken Dutsi ba. Ba wanda kuma ya tuɓe wa Baba Alu rawani. Da aka yi wa Nomau tayin sarauta cewa ya yi shi tufka ya iya. Amma abin da Baba ya hango ya faru. Masu rigimar gona suka koma ƙofar mai tufka, gidaje suka fara tashi suna komawa kusa da rijiya, zauren da na sani cike ya koma sai shi da tasbaharsa. Na je gaishe shi kafin mu juyo, yana ganina ya juya fuska ga bango, ƴaƴansa suka rako ni waje. Sukari da yadin da nake aikawa da salla sukan dawo da ƙullinsu. Ya kuma rantse ruwan rijiyar nan ba zai bi ta maƙogwaronsa ba. Da damina ya sha na ƙorama, da rani a tafi masa da jaki wani gari mai nisan wuni guda. Shekara biyar yana haka.

A bazarar shekara ta biyar Gwaggo, wadda ta riga ta koma gida, ta aiko cewa jikinsa ya yi nauyi. Na je. Kwana huɗu ina zaune a gindin katanga a waje, ina jin tarinsa, ba a ce in shigo ba. Ya cika da hantsi. Aka duba randunansa don a yi masa wankan gawa, abin da ya rage bai fi na alwala ba, ƙorama a bushe, jakin da ya tafi ɗebo ruwa sai gobe. Ƴaƴansa suka ce ai ya rantse. Liman ya ce sha ya rantse a kai, kuma ba a ajiye mamaci a wannan zafi. Aka yi tsaye cirko-cirko, kowa na kallon ƙasa, ba mai son a ce shi ya kai wa Alu ruwan nan.

Na ari jaki da tuluna na kama hanya. Da na isa mata suka dare suka ba ni wuri. Na zura guga. Gaba ashirin da biyu ba wasa ba ne ga hannun da ya saba da alƙalami, a jawowa ta biyu tafina ya sale. Sai na ji igiyar ta yi sauƙi. Na waiga, Nomau ne a bayana, ya rankwafa da tsufa, ya kama yana ja.

Ranar na shiga zauren da tulu a kafaɗa, ba wanda ya tare ni. Liman ya ce in tsaya in riƙa zubawa yana wankewa. Shekara biyar ina roƙon Allah mutumin nan ya kurɓi ruwan ko sau ɗaya, ya ji sanyinsa, ya ce mini sannu. Da hannuna na zuba masa shi, tun daga kai har ƙafa, bai ce mini komai ba.